Suna na nan, mai suna ya tafi: faɗakarwa kan sayen rediyo da lasifika

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na faɗakarwa. Ina gaida mutanen cikin garin Mai'adua, da na Kwangwalam a bakin iyaka, da na Koza, da na Daura, Zango, Sandamu da Ɓaure, da 'yan'uwanmu na tsallake, daga Matamaye har Damagaram. Manomi da ya rataye rediyonsa a reshen bishiya, da tela da ya ajiye nasa a gefen keke, da uwar gida da ke saurare a bakin murhu, duk sannunku da aiki.

Yau maganar akwatin nan da kuke jin muryata a cikinsa za mu yi, shi da 'yan gidansu: lasifikar masallaci, da amfilifaya, da makirfo, da sifikar da ake haya ranar biki. Duk wanda ya shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya san ba ta cika sai da su. Mai tallan magani da tasa lasifikar, mai sayar da karatu a memori da tasa, mai cigiya ma da ita yake neman yaron da ya ɓata. Amma kuka ya yi yawa. Kowa ka taɓa sai ya ce maka kayan yanzu ba sa ƙarko, alhali sunan da ke jikinsu shi ne dai wanda iyayenmu suka sani. To, me ya faru?

Bari in fara da abin da ya same mu a masallacin unguwarmu. Ana saura mako biyu azumi muka yi karo-karo, har da tsofaffin mata da suka kwance bakin zane suka ba da abin da ya sawwaƙa, aka sayo sabuwar amfilifaya a kwalinta. Sunan da ke goshinta babba ne, wanda ko yaro ya ji ya san shi. Da aka ɗaga ta aka ji nauyi, kowa ya ce madalla, an samu ta gaske. Ba a kai goma ga wata ba, ana tsakiyar tafsiri, muryar malam ta fara shaƙewa, sai ƙauri, sai shiru.

Washegari na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya fi shekara 40 yana wannan sana'a. Rumfarsa ƙarama ce, ƙamshin dalma ya kama ko'ina, kusoshi na cikin gwangwanin madara, ga tsohon buroshin haƙori da yake share ƙura da shi. Ya kwance murfin, ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, matso ka gani da idonka.” A ƙasan akwatin an manna wani guntun ƙarfe da gam, ba a haɗa shi da waya ko ɗaya ba. Aikinsa kawai ya ƙara nauyi. Taransifomar kuwa ba ta kai dunƙulen hannun yaro ba. Ya ja wata waya ya kankare ta da reza: bayanta ja kamar jan ƙarfe, cikinta fari fat, alminiyam ne aka yi wa rufi. Na ce, “Baba, to yanzu me muka saya ke nan?” Ya ce, “Suna kuka saya, Malam. Masu wannan suna ba su taɓa ganin akwatin nan ba.”

A kan teburin nasa akwai wani rediyo National, mai rigar fata da ta sha hannu har ta yi baƙi. Ya ce mai shi ya gaje shi daga mahaifinsa, kuma abin da ya kawo shi kawai zaren da ke jan allurar tasha ne ya tsinke. Ya ɗaura sabon zare, ya sa batir, sai ga murya tangaran.

Tun ranar nake bin diddigin wannan magana, kuma abin da na gano shi ne, abubuwan da muke haɗawa mu kira “kayan yanzu” ba iri ɗaya ba ne. Tamu amfilifayar jabu ce tsagwaronta, sata ce aka yi wa mai suna, aka yi mana. Amma akwai wani abu da ya fi jabu wuyar ganewa, domin shi halal ne a wurin doka: kamfani ya mutu ko a sayar da shi, sunansa kuma ya ci gaba da yawo a kasuwa a hannun wasu.

Ku duba sunayen da muka tashi da su. National na kamfanin Matsushita ne, wanda Konosuke Matsushita ya kafa a birnin Osaka na Japan a 1918. A 2008 kamfanin ya koma amsa sunan Panasonic, ya ajiye sunan National. Saboda haka in ka ga sabon rediyo dal yau da wannan tambari, tsaya ka yi tambaya. Sanyo, wanda har masana'antar harhaɗa kaya ya taɓa yi a Ibadan, inda har gobe akwai wurin da ake kira da sunansa, Panasonic ya saye mafi yawan hannun jarinsa a 2009, ya haɗiye shi gaba ɗaya a 2011. Sharp ya koma hannun Foxconn na Taiwan a 2016. Akai, mai rikodar nan da samarin da suke alfahari da ita, ya durƙushe a shekarar 2000, sunansa ya faɗa hannun wani kamfanin Hong Kong da ake kira Grande, wanda shi ne kuma ya riƙe sunan Sansui da Nakamichi. Grundig na Jamus ya karye a 2003, daga baya ya zama na Turkawa masu Beko. Philips na Holan, wanda ya ƙirƙiro kaset ɗin da muka sani a 1963, ya daɗe da sakin sashensa na kayan sauti: a 2014 ya koma hannun Gibson na Amurka, da Gibson ya shiga matsalar bashi a 2018 sai kamfanin TPV ya karɓi izinin yin amfani da sunan.

Wannan kalma ta izini ita ce nake so ku riƙe. Ana ba da hayar suna kamar yadda ake ba da hayar shago. Mai suna ya zauna a ofishinsa, wani ya biya shi kuɗi, ya je ya sa a ƙera masa kaya a masana'antar da ya ga dama, ya buga tambarin a kai. Wani lokaci suna ɗaya yana hannun mutum uku a ƙasashe uku, kowa da irin kayansa. In mai sunan mai kishi ne, zai sa ido, ya gindaya sharuɗɗa, ya aika masu dubawa. In kuwa kuɗin haya kawai yake jira, to sai abin da ka gani. Bahaushe ya ce suna linzami, amma fa sai in akwai wanda ke riƙe da linzamin.

Abin da ke sa kaya su yi kyau mutane ne: injiniyan da ya san dalilin da ya sa aka zaɓi wannan kauri na waya, da mai gwajin da zai ce wannan bai yi ba, a mayar. Idan sabon mai kamfani ya sallami waɗannan, ya tafi da tambari kawai, ilimin ya zube a hanya. Ga misali. AKG kamfanin makirfo ne da aka kafa a birnin Biyana na Ostiriya a 1947. Ya shiga ƙarƙashin Harman na Amurka, mai JBL, sannan a 2017 Samsung na Koriya ta Kudu ya sayi Harman a kan dala biliyan 8. A daidai wannan lokaci aka rufe masana'antar AKG ta Biyana. Wasu daga cikin ma'aikatanta ba su bi sunan ba, suka zauna a garinsu suka kafa sabon kamfani, Austrian Audio. Ka ga ke nan suna ya yi gabas, masu sanin aikin sun tsaya inda suke. Ban ce kayan da ke ɗauke da sunan AKG yau ba su da kyau ba. Cewa na yi wanda ya saye su yana zaton hannun da ya ƙera na 1980 ne ya ƙera su, ya yi kuskuren lissafi.

(Kiɗan taushi na ɗan lokaci)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan ingancin rediyo da lasifika, da yadda sayar da kamfanoni da ƙaurar masana'antu suka sauya abin da ke cikin kwali.

To, me ya fitar da masana'antun daga Japan tun farko? A watan Satumba na 1985 ƙasashe biyar, Amurka, Japan, Jamus ta Yamma, Faransa da Ingila, suka zauna a otal ɗin Plaza a birnin New York suka amince a rage ƙarfin dala. Kafin zaman, dala ɗaya tana kusan yen 240 na Japan. Cikin shekara uku ta faɗo ƙasa da 130. Ma'ana, rediyon da aka ƙera a Japan ya kusa ninka tsada ga mai saye a waje. Sai kamfanonin suka kwashi aiki zuwa Malesiya, Singafo, Tailan da Indonesiya, daga baya kuma Chana, wadda ta buɗe yankin Shenzhen ga masu zuba jari tun 1980, ta kuma shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001. Mu kuma a nan gida, a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo tsarin SAP, naira ta fara zubewa. Nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja, sai ga shi ana ba da huɗu a karɓi dala ɗaya. Kaya sun yi tsada a can, aljihu ya yi rauni a nan. Ɗan kasuwa da ke son ya sayar dole ya nemo mai araha, kuma ya samo.

A nan ne nake so mu yi wa Chana adalci, domin mun saba da cewa “ɗan Chana ne” da nufin ba shi da kyau. Wayoyin hannu mafi tsada a duniya, da yawansu a can ake harhaɗa su. Wharfedale, kamfanin sifika na Ingila da aka kafa a 1932, ya koma hannun wasu 'yan kasuwa masu masana'anta a Chana tun 1997, kuma har yau masu harkar sauti suna ganin girman kayansa, saboda sababbin masu shi sun gina masana'antarsu ta kansu, sun riƙe masu zana kayan. Behringer a Jamus aka kafa shi a 1989, amma babbar masana'antarsa tana birnin Zhongshan. Tecsun kuwa ɗan Chana ne gaba da baya, bai ari sunan kowa ba, kuma masu sauraron gajeren zango a duniya suna yaba shi. Kchibo da muke kira Kachibo, wanda ya shiga kusan kowane gida a ƙasar Hausa, shi ma da sunansa ya zo, bai ce shi ɗan Japan ne ba. Da shi talaka ya ci gaba da jin BBC da Muryar Amurka da Jamus da Rediyon Kaduna lokacin da National ya fi ƙarfinsa. Ni a wurina rediyo mai araha da ya faɗi gaskiyar sunansa ya fi mai tsada da ya yi ƙarya mutunci.

Haka TOA, mai lasifikar masallaci. Kamfanin Japan ne na birnin Kobe, tun 1934, amma tun a shekarun 1970 yake ƙera kaya a Indonesiya, har mutanen can suna kiran kowace lasifika “toa”. Ahuja kuma, wanda ke rataye a hasumiyar masallatanmu da yawa, na Indiya ne, an kafa shi a 1940. Makirfon Shure na Amurka, na gaskiyar, ana yin sa a Meziko da Chana. Saboda haka rubutun ƙasa a bayan akwati shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Waɗanda ke zuwa Guangzhou sayayya za su gaya maka yadda ake yi. Mai masana'anta zai nuna maka samfuri, ya faɗi kuɗinsa. In ka ce ya yi tsada, ba zai kore ka ba, zai tambaye ka nawa za ka iya biya, sannan ya yi maka daidai kuɗinka. Zai rage girman maganaɗisu, ya sa waya siririya, ya musanya jan ƙarfe da alminiyam, wanda wutar da yake ɗauka kusan kashi 60 ce cikin 100 na ta jan ƙarfe mai kauri ɗaya, ya rage farantin da ke shanye zafi, ya tsallake gwajin ƙarshe. Daga waje akwatin bai sauya ba. Wannan magana tana da ɗaci amma sai an faɗe ta: sau da yawa wanda ya ce a rage ɗin namu ne, ɗan ƙasarmu, wanda zai sauke kayan a Alaba ta Legas, su biyo ta Sabon Gari a Kano, su iso Daura da Mai'adua, wasu su tsallaka Nijar. 'Yan kasuwarmu masu tsoron Allah suna nan da yawa, kuma su ma wannan ha'inci yana cutar da su, domin mai jabu yana karya musu farashi.

Kuma kaya irin waɗannan ƙasarmu ce ta fi saurin tona musu asiri. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, amfilifaya tana kulle a cikin akwatin katako a kusurwar masallaci ba iska. Lasifika tana kan soro, rana ta dake ta, hunturu ya cika ta da ƙura, damina ta jiƙa ta. Wuta kuma yau ta janareta, gobe ta sola, jibi ta layi mai hawa da sauka. Abin da aka ƙera da ƙyar don ya kai ranar sayarwa ba zai ga azumi biyu a nan ba.

To, me mai saye zai yi? Mu a Mai'adua ba baƙin ciniki ba ne. Wa ya taɓa ganin an sayi sa a kara saboda an ce daga garken wane ya fito? Sai an buɗe baki an ga haƙori, an taɓa tozo, an sa shi ya taka an ga tafiyarsa, kuma sai da dillalin da in magana ta taso an san inda za a same shi. Mutumin da zai yi awa biyu a kan ɗan akuya, shi ne zai shiga shago ya biya kuɗin jama'a a kan kwalin da ba a buɗe ba, cinikin biri a sama.

Fara da lambar da aka rubuta da manyan haruffa. Za ka ga ƙaramar sifika da yaro zai rataya a kafaɗa an rubuta mata wat 5000. In ka ga haruffan PMPO kusa da lambar, ka share ta, ba ta auna komai. Wadda ake dubawa ita ce RMS. Akwai kuma lissafi mai sauƙi da dattijon nan ya koya mini: na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta ci. Juya bayanta ka karanta wutar da take ja. In da batirin mota mai bolt 12 take aiki, fis ɗinta kuma mai amfiya 10 ne, to 12 sau 10, wat 120 ke nan iyakar abin da zai shiga cikinta, kuma wanda zai fita bai kai haka ba. Duk wanda ya ce maka za ta ba da dubu, ba gaskiya ya faɗa ba.

Nauyi kuma, kun ji yadda ya yaudare mu. Banda haka, akwai sababbin amfilifaya na ƙwarai da fasaharsu ta sa ba su da nauyi, akwai kuma ƙaramin maganaɗisu na zamani da ya fi babba na da ƙarfi. Abin da ba ya yaudara shi ne a kwance murfi. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana mai gyara ya leƙa ciki ba. A kunna ta a shagon, a ɗaga murya, a bar ta ta yi rabin awa, a ɗora hannu a ji zafinta. A tambaya ko ana samun koyil ɗin lasifikar a Kano in ya ƙone, domin kayan da ba su da kayan gyara ranar da suka tsaya ranar suka mutu. A karɓi rasit mai sunan shago da lambar na'ura, a rubuta garanti na wata nawa. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, SONCAP, tun 2005, amma hukuma ba za ta tsaya tare da kai a bakin kanta ba, kuma ba ta da abin da za ta bi maka haƙƙi da shi in ba ka da takarda.

Sannan mu ma mu gyara namu, domin ba kowace ƙonewa ce laifin maƙeri ba. Lasifika huɗu masu om 16, in aka haɗa su a baki ɗaya, sun koma om 4, kuma nan ne iyakar yawancin amfilifaya. Sai wani bawan Allah ya ba da sadakar ƙarin biyu, a ɗaura su a kan waɗancan ba tare da an tambayi masani ba, na'ura ta yi ta ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta har ta ƙone, a ce ai 'yar Chana ce. Masallacin da ke da lasifika da yawa ko waya mai tsawo, akwai layin bolt 100 da aka tanada don haka, kowace lasifika da ƙaramar taransifomarta. A buɗe wa akwatin amfilifaya tagar iska, a sa mata abin daidaita wuta, kuma ladan ya daina murɗa ta har ƙarshe. In murya ta fara tsagewa, koyil ne ke dahuwa.

Wanda kuma yake da tsohon rediyo ko tsohuwar amfilifaya a ɗaki, don Allah kada ya ba 'yan jari-bola a kan kuɗin goro. Sau da yawa abin da ya lalace ƙaramin abu ne, kuma masu gyaran nan da suka san cikinta suna ƙarewa, yara ba sa zama koyon aikin.

Kirana na ƙarshe ga kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya, daga Mai'adua har ƙauyukan da ke kewaye: kuɗin da ke hannunku amana ce, a ciki akwai na marainiya da na tsohuwa. Duk ranar da za ku je sayen lasifika, Daura ne ko Katsina ko Kano, ku ɗauki mai gyara ku tafi da shi, ku biya masa kuɗin mota da na wuninsa, ya buɗe a gabanku kafin ku ƙirga ko sisi. Mu a unguwarmu haka muka yi a karo na biyu, kuma wadda muka sayo tana nan tana kiran salla.